Idan Almasihu ya zo, ɗan Adam zai ci gaba da zaɓi kuwa? Tambayoyi da amsoshi kan abin da malaman Yahudawa suka ce

'Yan'uwa, mas'alar nan ta daɗe tana min yawo a kai. Mu da muka tashi muna jin gardamar ƙaddara da zaɓi a zauren malamai, idan muka leƙa littattafan Yahudawa sai mu tarar su ma sun sha wannan gardama, har sun kai ta wani lungu da ba kowa ke tunaninsa ba, wato idan zamanin da suke jira ya zo, duniya ta gyaru, shin mutum zai iya yin saɓo kuma? In ba zai iya ba to ina ladansa? Na tattaro tambayoyin da aka fi yi, abin da zan faɗa nasu ne, inda ra'ayina ya shigo zan ce nawa ne.

Wai tukuna ma, wane ne Almasihun da suke jira?

Da Ibraniyanci suna ce masa Mashiyah, ma'ana wanda aka shafa wa mai, don da can haka ake naɗa sarakunansu, a zuba musu mai a ka. A wajensu mutum ne, sarki daga zuriyar Annabi Dawuda, zai tattaro Yahudawan da suka warwatsu, ya sake gina Haikali a birnin Ƙudus, yaƙi ya ƙare. Ba su yarda Annabi Isa ne ba, nan suka rabu da Kirista da Musulmi. Sannan a kula, zamanin Almasihu daban, tashin matattu daban, abin da suke kira duniya mai zuwa shi ma daban, rabin ruɗanin da ake samu a wannan magana daga cakuɗa ukun nan yake tasowa.

To me ya haɗa zuwansa da maganar zaɓi?

Babi ɗaya ne fa a Attaura ya jawo duk wannan, Maimaitawar Shari'a babi na 30. A aya ta 19 aka ce wa Bani Isra'ila ga rai ga mutuwa, ga albarka ga la'ana an ajiye a gabanku, ku zaɓi rai. Wannan ita ce ayar da suke kafa 'yancin zaɓi a kanta. Amma ka ɗan koma baya zuwa aya ta 6, inda ake maganar bayan an dawo da su daga warwatsuwa, sai ka ji an ce Ubangiji zai yi wa zuciyarku kaciya da zuciyar zuriyarku don ku ƙaunace shi. A babi na 10 kuwa mutane aka umarta su yi wa zuciyarsu kaciya da kansu, a nan kuma Allah ne zai yi musu. Ka ga aikin ya tashi daga hannun bawa kenan.

Annabawansu na baya sun ƙara wa maganar nauyi. Ezekiyel 36:26 ya ce za a cire musu zuciyar dutse a ba su ta tsoka, Irmiya 31 ya ce za a rubuta shari'ar a zukatansu, Zakariya 13:2 ya ce za a kawar da ruhun ƙazanta daga ƙasar. To idan an canja maka zuciya har ba ka sha'awar mugunta, waye ya zaɓi alherin, kai ko wanda ya canja zuciyar? Nan gizo ke saƙar.

Wannan abin da suke kira yetsar hara, Shaiɗan ne?

Ya fi kusa da abin da muke ce wa son zuciya, abin da ke jan mutum daga ciki, duk da akwai malami a Talmud (babban kundin maganganun malamansu na da), Resh Lakish, da ya ce shi da Shaiɗan da mala'ikan mutuwa duk abu guda ne. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne ba su ɗauke shi sharri zalla ba. A wani tsohon tafsirinsu na littafin Farawa an ce ba don shi ba da mutum bai gina gida ba, bai yi aure ba, bai haihu ba, bai yi kasuwanci ba.

Akwai labari a Talmud, sashen Yoma, da nake so sosai. Wai manyan malamai na zamanin dawowa daga Babila suka roƙi Allah ya ba su sha'awar bautar gumaka a hannu, aka ba su, ta fito kamar ɗan zaki na wuta suka rufe ta. Da suka ga addu'a na karɓuwa sai suka ce bari mu roƙi ta jima'i ita ma, aka damƙa musu, suka tsare ta kwana 3. A kwanakin nan aka nemi ƙwan da kaza ta saka ranar a duk ƙasar Isra'ila aka rasa, ko kaji sun daina. Suka ga in sun kashe ta duniya ta tsaya, sai suka makantar da ita suka sake ta. Ka riƙe labarin ƙwan nan, don duk wanda ya ce za a kashe son zuciya gaba ɗaya a zamanin Almasihu sai ya faɗa mana waye zai yi noma waye zai yi aure.

Wa ya ce zaɓin zai ƙare?

Ramban. Sunansa Musa ɗan Nahman, an haife shi a Jirona ta ƙasar Sifen a 1194, shi ne ya tsaya muƙabala a Barsalona a 1263 a gaban sarkin Aragon kan ko Almasihu ya riga ya zo, daga baya ya yi ƙaura zuwa ƙasa mai tsarki a 1267. A sharhinsa na waccan aya ta kaciyar zuciya ya ce tun da aka yi halitta mutum na da ikon ya zama na kirki ko mugu, haka ake duk tsawon zamanin Attaura don a samu lada da hukunci, amma a kwanakin Almasihu zaɓar alheri zai zama musu ɗabi'a, zuciya ba za ta yi kwaɗayin abin da bai dace ba ko kaɗan. Ya ce mutum zai koma yadda Annabi Adamu yake kafin ya ci 'ya'yan itaciyar, yana yin abin da ya kamata bisa halittarsa.

Kuma ba daga kansa ya ƙago ba. Littafin Mai Hadishi 12:1 ya ce ka tuna da Mahaliccinka kafin shekaru su zo da za ka ce ba ni da sha'awa a cikinsu. Kowa zai ce tsufa ake nufi, amma a Talmud, sashen Shabbat, Rabbi Shimon ɗan Elazar ya ce kwanakin Almasihu ne, waɗanda babu lada babu laifi a cikinsu. Ramban ya ɗauki wannan ya ce to ai shikenan, lada da laifi suna rataye ne da sha'awa, in sha'awa ta tafi sun tafi.

Wa kuma ya ce a'a?

Rambam, kar ka haɗa su, harafin ƙarshe ne kawai ya raba sunayen. Wannan shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a 1138, ya zauna Fas, ya ƙare rayuwarsa a Fusɗaɗ ta Masar a 1204 yana likitan fada, yawancin littattafansa ma da Larabci ya rubuta. Ya riga Ramban, don haka ba raddi yake masa ba, hanya ce daban tun asali. Shi ya bi maganar Shamu'el, wani babban malami na Babila a ƙarni na 3, da ya ce babu bambanci tsakanin wannan duniya da kwanakin Almasihu sai dai fita daga ƙangin daulolin da ke mulkarsu, hujjarsa kuwa ayar da ta ce ba za a rasa matalauci a ƙasa ba.

A ƙarshen babban littafinsa na shari'a, Mishne Tora, Rambam ya ce kar ma ya zo maka a rai cewa wani abu na al'adar duniya zai canja, duniya za ta ci gaba yadda ta saba. Har maganar Ishaya ta cewa kyarkeci zai kwana da ɗan rago ya ce misali ne, ana nufin Isra'ila za su zauna lafiya da al'ummun da suke cin su (wani malamin Faransa na zamaninsa, Ra'abad, bai yarda ba, ya ce ai Attaura ta ce za a kawar da miyagun namun daji daga ƙasar). Kuma ga Rambam zaɓi ginshiƙin addini ne, ya ce kowane mutum zai iya zama adali kamar Musa ko mugu kamar Yerobowam, ba mai tilasta masa, in ba haka ba aiko annabawa ba shi da ma'ana. A ɗaya littafin nasa, Dalalatul Ha'irin, ya faɗa ƙarara cewa Allah ba ya canja ɗabi'ar mutane ta hanyar mu'ujiza, ba don ba zai iya ba, don bai so ba ne.

To ta yaya duniya za ta gyaru in zuciya tana nan yadda take? Nan ne amsarsa ta burge ni. Ya ce a lokacin babu yunwa, babu yaƙi, babu hassada da gasa, abubuwan daɗi sun yawaita kamar ƙasa, aikin duniya kaf sai neman sanin Allah, kamar yadda Ishaya 11:9 ya ce ƙasa za ta cika da sanin Ubangiji kamar yadda ruwa ya rufe teku. A wajensa cutar da mutane ke yi wa juna daga jahilci take fitowa, kamar makahon da ke tuntuɓe yana ji wa kansa ciwo yana ji wa wasu, in ido ya buɗe tuntuɓen ya ragu. Wato ƙofar saɓo ba a kulle ta ba, abubuwan da ke tura mutum cikinta ne aka janye.

Amma malam, a maganar Ramban ai mutum ya zama kamar inji kenan ko mala'ika?

Haka mutane da yawa ke gani, ni ma da farko haka na gani, amma bari in kawo abin da na gani da idona. Wata rana a kicin ɗinmu yarinya mai rarrafe ta miƙa hannu za ta kama bakin tukunya a kan murhu, uwarta tana yankan albasa, kafin ƙiftawar ido ta yar da wuƙar ta fizge ta. Ba ta tsaya shawara ba, ba wata murya a ranta da ta ce ƙyale ta ta ƙone. Shin za ka ce matar nan ba ta da 'yanci, an tilasta mata? Wallahi ni ban taɓa ganin aikin da ya fi wannan zama na mai shi ba. Tana da hannu tana da iko ta bari, amma barin bai ma zo mata a rai ba saboda abin da take gani a fili yake.

Wani malaminsu na kusa, Rabbi Eliyahu Dessler, da ya koyar a Ingila kafin ya koma Isra'ila ya rasu a 1953, ya yi bayanin da ya warware min wannan. Ya ce zaɓi kamar bakin daga ne, ba ko'ina ake gwabzawa ba, wuri guda ne inda rundunonin biyu suka haɗu, abin da ke bayanka ka riga ka ci shi, abin da ke can gaba ba ka kai ba tukuna. Wanda ya tashi gidan kirki sata ba jarrabawarsa ba ce, ko ya ga waya a kan benci ba mai ita zuciyarsa ba ta motsi, nasa yaƙin yana wajen gulma ko girman kai. Wanda ya tashi cikin ɓarayi kuwa nasa bakin dagar wataƙila shi ne ya sata amma kar ya kashe. Duk lokacin da ka yi nasara layin sai ya matsa gaba. Idan ka ɗauki wannan ka aza a kan zamanin Almasihu, sai ka ga ba dole ne zaɓi ya mutu ba, layin ne ya matsa can sama, tsakanin mai kyau da wanda ya fi shi kyau. Wannan fahimtata ce, kuma a nan zuciyata ta fi natsuwa.

An ce wai za a yanka son zuciyar, gaskiya ne?

Eh, a sashen Sukka yake. Rabbi Yahuda ya ce nan gaba Allah zai kawo yetsar hara ya yanka shi a gaban mutanen kirki da miyagu. Mutanen kirki za su gan shi kamar dutse mai tsawo, miyagu kuma kamar silin gashi, kuma duka ɓangarorin kuka za su yi. Na kirki suna cewa ta yaya muka iya hawan dutsen nan, miyagu suna cewa ta yaya silin gashi ya gagare mu.

Kukan miyagu ba ya bukatar bayani. Na mutanen kirkin ne ke tsaya min a wuya duk sanda na karanta, don ranar farin ciki ce ai, abokin gaba ya mutu. Wanda ya taɓa yin azumi a watan Afrilu, ƙarfe 3 na rana leɓe ya bushe ga randa cike a gabansa ba mai ganinsa ya haƙura, ya san akwai wani abu a wannan haƙurin da ba ya samuwa bayan an sha ruwa. Ina ganin har da wannan suke wa kuka, abin da suka sha wuya da shi kuma shi ne ya ɗaga su, ga shi an yanka a gabansu.

In dai babu lada, me ya sa suke ɗokin zuwan zamanin?

Tambaya mai kyau. Ka lura ayar Mai Hadishi da aka kawo gargaɗi ce, ana cewa yi yanzu kafin lokacin ya zo, asalin maganar Rabbi Shimon ma kan sadaka ce, ka bayar tun kana samun wanda za ka ba kuma kana da abin bayarwa. Suna da karin magana irin tamu, wai wanda ya yi wahalar girki ranar jajiberin Asabar shi zai ci ranar Asabar, tunda ba sa kunna wuta ranar. Suna kuma cewa gwargwadon wahala gwargwadon lada, kamar dai mu ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Har an ce sa'a guda ta tuba da aikin kirki a duniyar nan ta fi duk rayuwar duniya mai zuwa, sa'a guda ta natsuwar can kuma ta fi duk rayuwar nan.

Musa Hayim Luzato, malamin Italiya da aka haifa a birnin Faduwa a 1707, ya tsara abin da cewa an raba zamani biyu, na aiki da na karɓar sakamako, kuma an sa wahalar ne don kar mutum ya ci abin da suke kira gurasar kunya, wato abincin da aka ba ka ba da guminka ba har ba ka iya kallon idon mai ba ka. Shi ya sa ma Talmud ya ce ba a karɓar masu shiga addinin a kwanakin Almasihu, kamar yadda ba a karɓa ba a zamanin Dawuda da Sulaimanu, don wanda ya zo bayan tuwo ya nuna ba a san ko don Allah ya zo ba.

Akwai ayar da ta nuna za a ci gaba da laifi a lokacin?

Akwai, ba ɗaya ba. Ishaya 65:20 yana bayanin sabon zamanin amma ya ambaci mai zunubi ɗan shekara 100. Zakariya 14 ya ce al'ummar da ta ƙi zuwa Ƙudus idin bukkoki ba za a yi mata ruwan sama ba, ka ga akwai ikon ƙi kenan. Ezekiyel 45 kuma, a bayanin Haikalin da za a gina, ya sa shugaba da kansa ya miƙa bijimi hadayar zunubi. Shi ya sa wasu malaman baya, ciki har da shugaban ɗariƙar Habad da ya rasu a 1994, suka ce mataki biyu ne, na farko duniya tana kan al'adarta yadda Rambam ya faɗa, na biyu da tashin matattu sai abubuwa su sauya.

To dokokin addinin fa, za a daina?

Akwai maganar Rab Yosef a sashen Nidda cewa umarnan za su faɗi nan gaba, da yawa sun fassara ta da bayan mutuwa ko bayan tashin matattu. Rambam kuwa ya ce Attaura ba ta canjawa har abada, Almasihu ma alamarsa ita ce ya tabbatar da ita.

Kuma tarihi ya nuna musu me ya sa ake taka-tsantsan a nan. A 1665 wani mutumin Izmir, Shabbatai Sebi, ya ce shi ne Almasihu, Yahudawa daga Yaman har Amsterdam suka ruɗe, wasu suka sayar da kadarorinsu suna shirin tafiya. Ya soke azumin tunawa da rushe Haikali, ya ci kitsen da Attaura ta haramta, da hujjar cewa an shiga sabon zamani. A 1666 aka gurfanar da shi a fadar sarkin Daular Usmaniyya a Edirne, ya bar Yahudanci ya musulunta, jama'a suka shiga ruɗani na shekaru. Abin da na ɗauka a nan, maganar babu lada babu laifi tana da haɗari a bakin wanda ya yanke wa kansa cewa lokacin ya riga ya yi.

Wannan ba irin gardamar Jabariyya da Ƙadariyya ba ce?

Suna da dangantaka amma ba ɗaya ba ne. Waccan tana tambayar ko yanzu muna da zaɓi, a kan wannan kuwa yawancin malaman Yahudawa sun ce eh. Rabbi Akiba ya ce komai an riga an gani amma an ba da izini, Rabbi Hanina ya ce komai a hannun sama yake ban da tsoron sama. Sa'adiya Gawon, mutumin Fayyum ta Masar da ya shugabanci makaranta a Iraƙi ya rasu a 942, ya rubuta littafinsa na aƙida da Larabci kuma hanyarsa ta yi kusa da ta Mu'utazila, sanin Allah ba ya tilasta aikin bawa. Hasdai Kreskas na Sifen ne ya karkata ga cewa ayyuka suna da sababban da ke wajabta su. Tamu tambayar ta gobe ce, in zaɓin kyauta ne da aka bayar don wani aiki, in aikin ya ƙare za a karɓe shi ko za a bar shi.

A ƙarshe maganar wa aka ɗauka?

Ba a yanke ba, don wannan ba hukuncin aiki ba ne da za a ce ga fatawa, a makarantunsu ana karanta su biyun gefe da gefe har yau. Masu bin hanyar Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa, sun fi jin Ramban, masu son hujjar hankali sun fi jin Rambam, Yahudawan Reform kuma, wato masu sabunta addinin don ya dace da zamani, tun taronsu na Pittsburgh a Amurka a 1885 suka bar jiran mutum guda suka koma fatan zamanin adalci da mutane za su gina. Rambam da kansa ya ce duk waɗannan ba wanda zai san yadda za su kasance sai sun kasance, ya hana lissafin ranar, ya ce a jira kawai.

Ni dai in ka matsa min, ina tare da Rambam a kan cewa ba za a ƙwace wa mutum abin da ya mai da shi mutum ba, labarin ƙwan nan ya hana ni yarda da wani abu daban. Amma duk sanda na tuna matar nan da ta yar da wuƙa sai in ga Ramban ma ba injin yake bayani ba, mutum yake bayani wanda idonsa ya buɗe har saɓon Allah ya zame masa kamar barin hannun 'yarsa a bakin tukunya.